Haƙoran Zinariya a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa buɗe cikin kwamfuta zai ga babban allo wanda aka zana wa siraran hanyoyi na jan ƙarfe domin wucewar lantarki. A kansa akwai dogayen ramuka na roba. Waɗannan su ne soket masu haƙora da yawa, inda ake soka ƙananan alluna ba tare da liƙi da dalma ba, ta yadda in ɗaya ya lalace sai a zare shi a sa wani.

Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 tana da haƙora 62 a kowane rami. A 1984 aka ƙara su zuwa 98. Dogon ramin PCI Express kuwa 164 gare shi, milimita ɗaya tsakanin haƙori da haƙori.

Shin me ya kawo zinariya a bakin allo? Ba ado ba ne. Jan ƙarfe yakan dafe idan iska ta daɗe tana taɓa shi, dafewar kuwa tana tare lantarki. Zinariya ba ta dafewa. Saboda tsadarta, shafe kawai ake yi, sau da yawa kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. A ƙarƙashinta akan shimfiɗa nikel, don kada jan ƙarfen ya ratso sama.

Haƙori ɗaya tak in bai kama ba, yana iya hana kwamfuta tashi. Shi ya sa masu gyara, musamman lokacin ƙurar hunturu, kan fara zare allon su goge bakinsa a hankali kafin su zargi wani abu. Yawan zarewa da mayarwa kuma yana cinye shafen.