3.3 Matsalar Kuɗi Cikin Tsarin Sufurin Jama'a a Jihar Jigawa: Misalin Baturiya

A sashen da ya gabata an yi bayanin ire-iren ababen hawa da jama'ar ƙasar Haɗejiya ke amfani da su. A wannan sashe kuwa za a yi ƙoƙarin nuna dalilin da ya sa shirye-shiryen sufuri na gwamnati ba su cika yin ƙarko ba, tare da ɗaukar Baturiya, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma, a matsayin misali. Abin da ake nufi da tsari mai dogon zango a nan shi ne shirin da zai fayyace hanyoyin da za a bi, da ababen hawan da za a yi amfani da su, da kuma inda kuɗin gudanarwa zai riƙa fitowa har tsawon shekara 10 zuwa 20.

Idan aka bi tarihi za a ga cewa kusan duk lokacin da gwamnati ta tuna da sufurin talaka, to tsadar rayuwa ce ta tilasta mata. A shekarar 1988, bayan ƙuncin da shirin SAP na 1986 ya jawo, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa shirin sufurin jama'a na tarayya, aka samar wa jihohi motocin bas. A lokacin Haɗejiya na cikin Jihar Kano, domin sai ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa asusun PTF daga rarar kuɗin man fetur, aka gyara tituna da dama, amma aka rushe shi a 1999. Shirin SURE-P na 2012 shi ma ƙarin kuɗin mai ne ya haife shi, kuma bai wuce 2015 ba. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, sai aka sake komawa ga maganar motocin rage raɗaɗi.

Illar wannan hanya ita ce, kuɗin sayen mota ne kawai ake tanada, alhali kuwa kuɗin sufuri kashi uku ne. Akwai kuɗin saye, wanda sau ɗaya ake biya. Akwai na gudanarwa, wato mai da taya da kayan gyara da albashin direba da yaron mota. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne abin da za a riƙa ajiyewa domin sayen wata motar idan wannan ta tsufa. Alal misali, idan aka ɗauka mota za ta yi shekara 5 tana aiki, wajibi ne a ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinta kowace shekara, har ma fiye da haka saboda faɗuwar darajar naira. To, motar gwamnati kan karɓi kuɗi ƙasa da na motocin haya, domin dalilin samar da ita ke nan. Idan ba a rubuta a kasafin kuɗi wanda zai cike wannan giɓi ba, motar ce za ta cike shi da jikinta: a fasa juye, a ƙyale taya har ta suɗe, daga bisani a ɗora ta kan duwatsu ana cire mata kaya ana gyara 'yan'uwanta. Ga shi kuma mafi yawan kuɗin shigar jihar daga Asusun Tarayya yake zuwa, wanda ke hawa da sauka tare da farashin mai.

A Baturiya matsalar ta ninka, domin garin na cikin fadamar Kogin Haɗejiya, wadda aka sanya cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Manomin shinkafa da masunci da makiyayi a nan sufuri biyu suke yi a shekara. Da rani mota da babur da amalanke ne. Daga Agusta zuwa Satumba kuwa, idan kogi ya cika, wasu ƙauyukan ba sa shiguwa sai da kwale-kwale, kuma ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna cewa ko manyan titunan kwalta na jihar ruwa na iya yanke su. Ciyawar kacala da ta toshe magudanan ruwa ta ƙara dagula lamarin, ruwa na malala inda da ba ya zuwa. Lokacin da mai wannan bincike ya ziyarci yankin da damina, ya ga yadda ake sauke buhu daga babur a ɗora a jirgi, sannan a sake neman mota a ƙetare, kowane mataki da kuɗinsa. Saboda haka tsarin da ya tsaya ga ƙirga bas tsakanin Dutse da Haɗejiya bai taɓa wannan manomi ba.

Wani abin lura shi ne rabon iko. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora kula da tashoshin mota da ba da lasisin kwale-kwale da amalanke a wuyan ƙananan hukumomi, wato matakin gwamnatin da ya fi kowanne ƙarancin kuɗi. A ra'ayin mai wannan bincike, ya kamata jiha ta kafa asusun sufuri ta hanyar doka, a riƙa zuba masa wani kaso tsayayye daga kuɗin rajistar motoci da harajin tashoshi, ta yadda sauyin gwamnati ba zai kashe shi ba. Daga ciki a ware kason fadama, domin kwalbatoci da ɗaga hanyoyin burji da kuma rigunan kariya ga masu fito.

Game da jirgin ƙasa, layin Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930 ya ratsa ta Malam Madori da Birniwa, duk cikin masarautar Haɗejiya. Gyaran Tsarin Mulki na Maris 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, amma ko da layin zai riƙa aiki sosai, shinkafar Baturiya sai ta haye ruwa kafin ta isa tashar Malam Madori.