Kyautata Zato da Maganin Ciwon Damuwa

Tun zamanin da, tabibai sun fahimci cewa abin da majinyaci ya ƙudurta a zuciyarsa yana da rabo cikin warakarsa, har an ruwaito cewa Abubakar Ar-Razi, hakimin nan da ya shugabanci asibitin Bagadaza, yakan hori likita da ya ƙarfafa wa mara lafiya gwiwa ko da shi kansa yana cikin kokwanto. Masanan zamani kuwa sun ɗora al'amarin bisa mizani.

In za a jarraba maganin ciwon damuwa, akan raba majinyata gida biyu, a ba wasu magani na haƙiƙa, a ba wasu ƙwaya mai kamarsa wadda babu sinadarin magani cikinta, ba tare da likita ko majinyaci ya san rabon kowa ba. Da Timothy Walsh da abokan aikinsa suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje a 2002, sai suka tarar kusan rabin masu shan magani sun sami sauƙi, amma kimanin uku cikin goma na masu haɗiyar ƙwayar wofi su ma sun samu. Abin da ya fi ban mamaki shi ne binciken Bret Rutherford na Jami'ar Columbia a Amurka, a 2017, inda aka ba mutane magani guda, citalopram, amma waɗanda aka tabbatar musu magani ne suka fi waɗanda aka bari cikin shakka murmurewa. Kada dai a ɗauka cewa maganin ciwon damuwa yaudara ne, domin nazarin gwaje-gwaje 522 da mujallar Lancet ta buga a 2018 ya nuna magunguna 21 duk sun fi ƙwayar wofi amfani.

A Nasarawa Burkullu da sauran ƙasar Bukkuyum, Anka da Gummi, inda gubar dalma ta 2010 da ta'asar 'yan bindiga suka bar zukata cikin ƙunci, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da nisa, wannan ilmi ba ƙaramin abu ba ne. Malamin da ke ba da rubutu yakan zauna ya saurara, ya yi nasiha da addu'a, abin da ke ƙarfafa wa majinyaci gwiwa. Wanda aka miƙa wa maganin ciwon damuwa irin su amitriptyline babu bayani kuwa, bayan mako guda sai ya ce bai karɓe shi ba, ya ajiye, alhali maganin yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga alfanunsa.

Ya ku ma'aikatan lafiya, ku faɗa wa majinyaci gaskiyar lokacin da zai jira, ku kuma tabbatar masa cewa cutarsa tana jin magani, da yardar Allah.