Sharar nukiliya: binnewa da sa ido

Sharar nukiliyar da aka fi magana a kanta iri biyu ce. Akwai ragowar makamashin da tashoshin lantarki suka gama aiki da shi, mai zafi da haɗari ƙwarai, akwai kuma turɓaya da lakar da ke saura bayan an tace yuraniyom daga dutse. Ta biyun ce Nijar ke da ita. A Akokan, dab da Arlit, kamfanin COMINAK ya haƙi yuraniyom daga 1978 zuwa Maris 2021, ya bar tari na kusan tan miliyan 20 a fili, wanda kamfanin Orano na Faransa ya tsara rufewa da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita 2.

Ta farkon ita ake yi wa rami mai zurfi. A Onkalo ta ƙasar Finlan an huda dutse fiye da mita 400, za a zuba sharar cikin tukwanen tagulla, a kewaye su da yumɓu mai kumbura idan ya sha ruwa, ta zauna shekara 100,000. Ruwa ne abin tsoro. A Asse ta Jamus an jibge ganguna kusan 126,000 cikin tsohon ramin gishiri, ruwa ya dinga tsattsafowa, har a 2013 aka yi dokar kwashe su. Makiyayin Tarka a Damargu, da shi da garkensa duk rijiya suka dogara da ita, ba ya buƙatar dogon bayani kan wannan.

Sa ido na duniya yana hannun hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da ke Biyana. A ƙarƙashin yarjejeniyar 1997 kan sharar nukiliya, ƙasashe na kai rahoto duk bayan shekara uku, sauran su yi musu tambayoyi. Hukunci dai babu. Masu binciken hukumar kuma, da hatiminsu da kyamarorinsu, damuwarsu kada a karkatar da kayan zuwa makami, rijiyar unguwa ba aikinsu ba ce.

Wannan giɓi masu awo na waje suka cike a Arlit. Tun 2003 cibiyar CRIIRAD ta Faransa, tare da ƙungiyar Aghir in'man ta garin, ta gano gurɓatattun ƙarafa ana sayarwa a kasuwa. A Nuwamba 2009 Greenpeace ta auna tururin nukiliya mai yawa a titunan Akokan, daga baya kamfanin haƙar yuraniyom ya kwashe ƙasar wuraren.