Taya marar tub: gaskiya da ƙarya a saƙon da ke yawo a Zangon Kumasi

Taya marar tub tana riƙe iska ne a wurare uku: bakinta da ya manne da rim, tef ɗin da ya rufe ramukan wayoyin wili, da gindin bawul. Ruwan gam da ake zubawa ciki shi ke toshe ƙananan huda. Saƙon muryar da masu keke ke turawa juna ta WhatsApp a Sabon Zango, Aboabo da Asawase ya cakuɗa wannan da son rai.

Cewa irin wannan taya ba ta yin faci ƙarya ne. Cewa duk wadda ta rage iska bayan kwana biyu jabu ce, shi ma ba haka ba ne. Ɗan raguwa halinta ne. Inda saƙon ya yi daidai shi ne ruwan gam yana bushewa cikin 'yan watanni, kuma zafi da hunturu na gaggauta hakan.

Maganar da ke da haɗari ita ce wai in taya tana sace iska, a kai ta wurin mai faci ya ɗura mata da injin motoci har ta "zauna". Wanda ya faɗi wannan ya yi ganganci da lafiyar mutane. Yawan iska ba ya toshe rami. Babu tub da zai danne bakin taya, don haka in aka wuce ƙima tana iya fizgewa daga rim nan take, ko daga baya ana cikin tafiya. Injin mai faci yakan haura psi 100, kuma tayar keke ƙarama ce, cikin daƙiƙu take cika. Rim marar ƙugiya a baki iyakarsa psi 72.5 ne, faffaɗar tayar keken daji kuwa yawanci psi 20 zuwa 30 ya ishe ta.

Wanda zai yi sammakon zuwa kasuwar Kejetia ya tarar da taya a kwance, ba a ga laifinsa in ya kama shawarar da ta fi sauri. Amma ruwan sabulu ya fi arha. A shafa shi a taya, a duba inda kumfa ke tashi. In a bakin taya ne, a ƙara gam, a jujjuya wili. In a gindin wayoyi ne, tef ya lalace. Kumfa a bawul ma galibi daga tef take, ko da yake wani lokaci noti ne ya saki. Da hannu ake ɗaure shi, ba da filaya ba.

Iyakar iska tana rubuce a gefen taya, wani rim ɗin ma yana da tasa. Mafi ƙanƙanta a cikinsu ita ake bi.