Batirin Zuciya: Mai Gadin da Kan Yi Kuskuren Ji

A Mai'adua da sauran garuruwan masarautar Daura, shanyewar ɓarin jiki ba baƙuwar cuta ba ce, musamman ga dattawa masu hawan jini. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wani lokaci asalin cutar daga zuciya yake.

Zuciyar ɗan Adam ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama su ke karɓar jini su miƙa wa na ƙasa, su kuma su tura shi zuwa huhu da sauran jiki, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum yana hutawa. Akwai wata cuta da ke sa ɗakunan sama su daina matsawa sosai, su riƙa karkarwa fiye da sau 300 a minti. Idan haka ta faru, jini kan kwanta a wani lungu ya daskare. Gudan jinin nan yana iya ɓallewa ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye. Sau da yawa karkarwar kan zo ta wuce mai ita bai ji kome ba.

A nan ne na'urar daidaita bugun zuciya, wadda jama'a ke kira batirin zuciya, ta sami wani sabon aiki. An fara dasa wa mutum ita a 1958 a ƙasar Suwidin, inda likita Åke Senning ya sanya wa Arne Larsson, wanda ya rayu har 2001. Ana sanya ta a ƙarƙashin fatar ƙirji, da siraran wayoyi masu bin jijiya zuwa cikin zuciya. Asalin aikinta shi ne ta zaburar da zuciyar da ke nawa. Amma ta zamani, mai waya a ɗakin sama, tana sauraren bugun ɗakin dare da rana, tana kuma adana lissafin duk lokacin da ya yi sauri fiye da kima.

A 2012 aka buga sakamakon wani bincike mai suna ASSERT, wanda masana na Jami'ar McMaster ta Kanada suka jagoranta. An bi diddigin mutane 2,580 masu hawan jini, 'yan shekara 65 zuwa sama. Cikin wata uku na farko, na'urar ta kama bugun da ya wuce 190 a minti, na tsawon fiye da minti shida, a jikin kashi 10 cikin ɗari nasu. Haɗarin shanyewar jiki ko toshewar jijiya ga waɗannan ya ninka na sauran sau biyu da rabi.

To, shin duk abin da na'urar ta rubuta gaskiya ne? Da masanan suka duba hoton bugun da idonsu, sai suka tarar kimanin kashi 17 cikin ɗari na rahotannin da suka wuce minti shida kuskure ne. Misalin ɗaya daga cikin irin wannan kuskure shi ne mai gadin da aka sa ya ƙirga tafi a saman bene, alhali ana daka a ƙasa. Ƙarar taɓarya kan ratso masa, ya haɗa ta cikin lissafi. Haka wayar ɗakin sama kan jiyo bugun ɗakin ƙasa ta ƙirga shi a matsayin nata. Wani lokaci kuma na'urar ce kan rikice da zaburarwar da ita kanta ta aika, ko wayar ta sami rauni. Sai dai gwargwadon tsawon lokacin, gwargwadon ingancin rahoton: ga waɗanda suka wuce awa shida, kuskuren ya sauko zuwa kashi 3 cikin ɗari.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin maganin da ake bayarwa na tsinka jini ne. Wani bincike mai suna ARTESiA ya nuna a 2023 cewa irin wannan magani ya rage shanyewar jiki da toshewar jijiya da kashi 37 cikin ɗari, amma ya ƙara haɗarin zubar jini mai tsanani. Wanda aka ɗora a kan maganin bisa rahoton kuskure ya ɗauki haɗari ba tare da wata riba ba. Shi ya sa likitoci ke bin ƙa'idar gani ya kori ji: sai sun duba hoton bugun kafin su yanke shawara.

Masu ɗauke da wannan na'ura kaɗan ne a ƙasar Hausa, saboda tsadarta da ƙarancin likitocin zuciya. Amma kowane ɗalibi yana iya koyon ɗora yatsu biyu a wuyan hannun kakansa ya ƙirga bugu na minti ɗaya. Idan ya ji bugun yana tafiya ba bisa tsari ba, sai a kai dattijon asibiti a ɗauki hoton bugun zuciyarsa, domin yatsa ma, kamar na'urar, yana bukatar shaidar ido.