Hanyoyin Auna Nisa da Shekarun Rukunonin Taurari

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe yana lura da sararin samaniya. Manoman Jega da Aliero da Maiyama, kamar sauran na ƙasar Gwandu, sun gaji lissafin taurari 28 da malamai ke raba shekara da su, kowane tauraro yana ɗaukar kwana 13, ban da Jabaha mai kwana 14. Da wannan lissafi ake kirdadon shuka da girbi. Sai dai lissafin yana nuna lokaci ne kawai, bai faɗi nisan tauraro ko shekarunsa ba. Wannan babi zai bayyana yadda masana falaki ke auna nisa da shekarun galaksi, wato babban rukunin da ya ƙunshi biliyoyin taurari. Rana da duniyarmu suna cikin irin wannan rukuni ne, wanda ake hango wani sashensa kamar farin hayaƙi ya ratsa sama a daren da babu farin wata.

2.0 Ma'aunin Nisa

Kilomita ta yi kaɗan ga wannan aiki, don haka ake amfani da shekarar haske, wato tazarar da haske ke ci a shekara guda. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka shekarar haske ta kai kimanin kilomita tiriliyan 9.5. Hasken rana yana isowa duniya cikin minti 8 da daƙiƙa 20, na Kaza da 'Ya'yanta kuwa sai ya shekara kusan 440 a hanya. Ke nan duk mai kallon abu mai nisa yana ganinsa ne yadda yake a da.

3.0 Hanyoyin Auna Nisa

Hanya ta farko ita ce gocewar gani. Matafiyin da ya tashi daga Jega zuwa Maiyama zai ga itatuwan bakin titi suna wucewa da sauri, na nesa kuwa kamar ba su motsi. Haka masana ke duban tauraro sau biyu, wata shida tsakani, lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana. Gwargwadon ƙanƙantar gocewarsa, gwargwadon nisansa. Bajamushe Friedrich Bessel ne ya fara cin nasarar wannan awo a 1838, kuma na'urar Gaia da Turai ta harba a 2013 ta auna taurari fiye da biliyan ɗaya. Amma hanyar ba ta kai ga galaksi masu nisa, domin gocewarsu ta fi ƙarfin awo.

Hanya ta biyu ita ce fitilar da aka san ƙarfinta. Idan aka ninka nisan fitila sau biyu, haskenta yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, don haka wanda ya san ainihin ƙarfinta zai iya lissafa nisanta. A 1912 Henrietta Leavitt ta Jami'ar Harvard ta nuna cewa taurarin Sefid, waɗanda haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida, suna da wata siffa: wanda ya fi daɗewa kafin ya kammala zagayen nan shi ya fi ƙarfin haske. A 1923 Edwin Hubble ya gano irin wannan tauraro a cikin Andromeda, abin da ya tabbatar da cewa ita galaksi ce mai zaman kanta. Nisanta ya kai shekarar haske miliyan 2.5. A wurare mafi nisa kuwa, ana dogara da wani nau'in fashewar tauraro wanda ƙarfin haskensa kusan ɗaya ne ko'ina.

Hanya ta uku ita ce rinjayar haske zuwa ja. Mai tsayuwa a bakin titin Aliero zai ji ƙarar motar albasa ta yi kauri da zarar ta wuce shi. Haske ma haka yake: na abin da ke nesantar mai kallo yana karkata zuwa launin ja. A 1929 Hubble ya nuna cewa galaksin da ta fi nisa ita ta fi saurin nesanta, alamar sararin samaniya yana buɗewa. Kowace hanya a cikin ukun nan tana tsaye ne a kan wadda ta gabace ta, kamar matakan tsani, don haka kuskure a ƙasa yakan shafi na sama.

4.0 Auna Shekaru

Ana gane shekarun galaksi daga launin taurarinta. Manyan taurari masu shuɗin haske suna ƙonewa cikin 'yan miliyoyin shekaru, irin rana kuwa sukan kai kusan biliyan 10. Galaksin da shuɗi ya yi yawa a cikinta tana haifar sababbin taurari, wadda ja ya rinjaya kuwa tsofaffi ne suka rage mata. Tsofaffin taurarin rukuninmu sun kai kusan shekara biliyan 13. Haka kuma, idan aka mayar da lissafin buɗewar sarari baya, ana samun kimanin shekara biliyan 13.8. A 2024 na'urar hangen nesa ta James Webb ta hango wata galaksi yadda take shekara miliyan 290 kacal bayan wannan mafari.

5.0 Kammalawa

Har yanzu akwai saɓani. Awon tsanin taurari yana ba da saurin buɗewa kusan kilomita 73 a daƙiƙa ga kowace shekarar haske miliyan 3.26, awon daɗaɗɗen hasken farkon sarari kuwa yana ba da kusan 67. Wajibi ne malami ya nuna wa ɗalibai cewa waɗannan alƙaluma sakamakon awo ne da ake gyarawa. Zai iya farawa da sa ɗalibi ya miƙe babban yatsansa, ya rufe ido ɗaya, sannan ya sauya, ya faɗi abin da ya gani.