Tantanin Gaɓa Idan Ya Yi Tsiro: Magani da Makomar Gwiwa

A cikin gwiwa da sauran gaɓoɓi masu motsi akwai wani siririn tantani da ke samar da ruwa mai santsi domin kada ƙasusuwa su riƙa gogar juna. A wasu mutane ƙalilan, kimanin biyu cikin miliyan a shekara, wannan tantani yakan yi kauri, ya fitar da tsiro kamar geza, ya rine da launin tsatsa saboda jinin da ke tsiyaya a ciki. Likitoci na kiran cutar PVNS, sunan da Jaffe da abokan aikinsa suka raɗa mata a 1941. Ba ciwon daji ba ce, amma in aka ƙyale ta takan cinye guringuntsi har ta kai ga ƙashi. Ta fi kama gwiwa, kuma ta fi samun masu shekara 20 zuwa 50, wato masu ciyar da gida.

Sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin amosanin gaɓɓai ko tsohuwar targaɗe, a yi shekaru ana shan maganin zogi. Hoton MRI ne ke tona asirinta, domin sinadarin ƙarfen da jinin ya bari yakan fito baƙi.

Tiyata ce babban magani. Idan tsiron dunƙule yake wuri guda, a cire shi, galibi magana ta ƙare. Wanda ya bazu ko'ina shi ne mai taurin kai: yana ɓuya a lungunan bayan gwiwa, har yakan dawo wa kusan rabin majiyyata. Nan likita ke tsaka mai wuya. In ya buɗe gwiwar gaba da baya zai fi kwashe tsiron, amma gaɓar na iya sandarewa. In ya yi aiki da na'urar leƙe ta ƙananan huda, majiyyaci zai tashi da wuri, sai dai ana iya barin saura. Don haka ba a auna nasara da cire tsiro kaɗai. Abin tambaya shi ne, shin mutum na iya durƙusawa, ya hau matakala, ya koma sana'arsa? Makonnin gashin ƙashi bayan tiyata na da babban rabo a wannan amsa.

A 2006 aka gano cewa wasu 'yan ƙwayoyin halitta ne ke fitar da sinadarin CSF1 fiye da kima, shi kuma ya kirawo ƙwayoyin garkuwar jiki su taru su zama tsiron. Wannan ya haifar da maganin pexidartinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2019. Yana iya illata hanta, kuma hukumar magunguna ta Turai ta ƙi karɓarsa a 2020. A 2025 Amurka ta ƙara amincewa da vimseltinib, domin waɗanda tiyata za ta ƙara nakasa su.